Daga Zariya zuwa Covent Garden, na je na ga Eliza mai tallar fure da idona

Yajin aikin ASUU ne ya ba ni sararin wannan tafiya, don tun 14 ga Fabrairun 2022 muke zaune a gida ba aji ba albashi, sai Yaya da ke zaune a Landan ya ce tunda ba abinda kike yi ki zo ki ga yaran nan mana, ni zan biya kuɗin jirgi. Ban yi musu ba. Amma akwai abinda ya ƙara min ƙaimi, na ga sanarwa cewa ana yin wasan kwaikwayon waƙa mai suna My Fair Lady a gidan wasa na London Coliseum daga watan Mayu har ƙarshen Agusta, kuma yarinyar da ke fitowa a Eliza, Amara Okereke, iyayenta 'yan Najeriya ne, a Leeds ta tashi. Ni kuwa wasan kwaikwayo na karanta kuma shi nake koyarwa, Pygmalion na Bernard Shaw wanda daga shi aka ciro wannan wasa tun muna ɗalibai muka sha shi, fim ɗin 1964 ma na kalla a kaset ba adadi, amma ban taɓa ganin abin a kan dandamali da mutane masu rai a gabana ba.

Biza ce ta fara ba ni wahala. Kuɗinta a lokacin fam 100 ne, sannan sai da na je Abuja aka ɗauki zanen yatsuna, kuma kowa ya san halin da hanyar Kaduna zuwa Abuja take ciki a shekarar, lokacin jirgin ƙasa a tsaye yake tun harin 28 ga Maris, ba yadda za ka yi sai mota. Daga Rijana zuwa Katari wallahi babu mai magana a motarmu sai salati, direba ya kashe rediyo, duk shingen sojoji da muka tarar sai ka ji an sauke ajiyar zuciya. Allah ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Shi ya sa da biza ta fito na ce wa Yaya don Allah ka saya min tikitin da zai tashi daga Kano, ko da sai na yi jira a wata ƙasa, ba zan sake bin waccan hanyar ba. Bayan Babbar Sallah na kama hanya, Umma ta cika min jaka da kuka da daddawa da yajin ƙuli na matar Yaya, kilishi kam mun bar shi don an ce ba a shiga da nama. Zariya zuwa Kano ba wani labari, aikin hanya ne da shingen 'yan sanda wajen Kwanar Ɗangora, suka leƙa but suka ce Hajiya a sauka lafiya. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano sai Alƙahira.

A jirgi na biyu, na Alƙahira zuwa Landan, na zauna kusa da wata dattijuwa Bamisriya za ta je wajen 'yarta. Da ɗan Larabcin Islamiyya da Turanci muka yi ta hira, da na gaya mata wasan da zan je kallo sai ta dafa hannuna tana dariya, ta ce ya binti ai mu ma muna da namu. Ashe tun ƙarshen shekarun 1960 Misrawa suka mayar da labarin nasu, suka kira shi Sayyidati al-Jamila, Fu'ad al-Muhandis da Shuwaikar suka fito a ciki, da Larabcin titin Alƙahira, kuma ta ce har yau idan aka sa shi a talabijin mutane na zama su kalla suna bin maganganun da baki. Tun a nan na fara tunanin abinda ya dame ni har na dawo, wato yadda wasu ke riƙe wasa ɗaya shekara da shekaru ba ya mutuwa.

Layin shige da fice a Heathrow dogo ne, ƙafata har ta kumbura, amma jami'in da na samu bai tsananta ba, ina za ki sauka, yaushe za ki koma, wa ya biya, shikenan ya buga min hatimi. Yaya na jira a waje, muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa gabashin Landan inda suke. Gidan ɗaki biyu ne da falo a hawa na uku, ni da 'yarsu babba muka raba ɗaki, kuma kuɗin hayar da ya faɗa min na wata ɗaya da na lissafa da naira, lokacin fam ɗaya ya haura naira 700 a kasuwar bayan fage, sai na yi shiru kawai na ƙara ganin girman abinda ya yi min. Sallah ma sai da na saba, Magariba sai wajen ƙarfe tara na dare, Asuba kuma wajen uku, kafin ka yi barcin kirki an kira.

Sai zafi. Jama'a ni 'yar Zariya ce, na san zafin Afrilu, amma abinda na gani ranar 18 da 19 ga Yuli daban ne. A ranar 19 ɗin ne ma'aunin zafi ya haura 40 karo na farko a tarihin ƙasar. Mu a gida in zafi ya yi akwai tsakar gida, akwai inuwar darbejiya, akwai ruwan randa, dare ya yi ka shimfiɗa tabarma a waje. Su kuwa gidajensu an gina su ne don su riƙe ɗumi saboda sanyi, kafet ko'ina, taga ba ta buɗuwa sai kaɗan, ba fanka a sama balle na'urar sanyaya ɗaki, Yaya ya zaga shaguna neman fanka ta tsaye duk an saye. Muka jiƙa tawul muka rufa wa yara, aka soke jiragen ƙasa da yawa don tsoron kar ƙarfen dogo ya lanƙwashe, a wani ƙauye Wennington can gefen gabashin birnin gobara ta cinye gidaje muna kallo a labarai. Na tausaya wa tsofaffin da ke zaune su kaɗai a irin waɗannan benaye. Kwanakin nan ko ƙofa ban leƙa ba.

Da gari ya yi sanyi na ce wa Yaya kafin ranar kallo ina so in bi sawun wasan da ƙafata, ya ce to malama, ga kati ki riƙa taɓawa a bas da jirgi, bas fam 1.65 ne duk inda za ki. Na sauka a tashar Covent Garden, aka ce kar in yarda in bi matakala don guda 193 ne, na jira lif. Ina fitowa na nufi cocin St Paul, wanda Inigo Jones ya zana tun shekarun 1630, a ƙarƙashin manyan ginshiƙan gabansa ne labarin ya fara: ruwa ya tsuge da dare, masu kuɗi sun fito daga kallon wasa sun fake, ga Eliza Doolittle da kwandon furenta tana roƙon a saya, ga wani mutum a gefe yana rubuta duk abinda ta furta. Shi ne Henry Higgins, masanin furuci, wanda ya yi caca da abokinsa Kanar Pickering cewa cikin wata shida zai gyara mata harshe har a ɗauke ta 'yar sarauta a liyafar manya. Kasuwar kayan lambu da furen da Eliza ta sani an tashe ta zuwa Nine Elms tun 1974, yanzu shagunan tsada ne da masu wasan dabo suna tara 'yan kallo a daidai gaban ginshiƙan. Na tsaya a wurin na daɗe. Eliza fa 'yar talla ce, ba wani abu ba, irin yaran da ke zagaye mota a Kwangila da farantin gyaɗa a ka, uba mashayi mai kwasar shara wanda bai san cinta ba bai san shanta ba, kuma ita da kanta ta tafi gidan Higgins da 'yan kuɗinta ta ce a koya mata magana don ta samu aiki a shagon fure. Mutane na mantawa da wannan, ba tsinto ta aka yi ba, ita ta kai kanta. Maganar harshe kuma ba sai an yi mana bayani ba, mu da ake yi wa dariya in mun yi Turanci a kan p da f, kuma mu ɗin ne za mu juya mu yi wa yarinyar da ta zo daga ƙauye dariya in ta buɗe baki a aji.

Daga nan na taka zuwa Haymarket, gidan wasan da lokacin ake kira Her Majesty's, inda ake yin Phantom of the Opera tun 1986. A nan aka fara nuna Pygmalion a Landan ranar 11 ga Afrilu 1914, duk da cewa a Vienna aka riga aka fara yin shi da Jamusanci a 1913. Mai gidan wasan, Herbert Beerbohm Tree, shi ya fito a Higgins, Mrs Patrick Campbell kuma tana da shekara 49 ta fito a yarinya 'yar sha takwas zuwa ashirin. Kuma tun a wannan ginin rigimar ta fara. Shaw ya rubuta cewa Eliza ta tafi ta bar Higgins, amma Tree ya san 'yan kallo soyayya suke so, sai ya ƙara abinsa, kafin a sauke labule ya jefa mata fure. Shaw ya fusata, Tree ya aika masa cewa ƙarshen nan nawa kuɗi yake kawowa ya kamata ka gode min, Shaw ya mayar masa cewa ƙarshenka abin tsinewa ne, harbe ka ya kamata a yi. Har sai da ya zauna a 1916 ya rubuta dogon bayani a bayan littafin cewa Freddy ta aura, saurayin nan mara ko sisi da ke sonta tsakani da Allah, ba Higgins ba. Duk da haka da aka yi fim a 1938 sai aka dawo da ita ɗakin Higgins a ƙarshe. Waƙa kuwa ya hana a sa wa wasan har ya mutu a 1950, saboda ya ga yadda aka yi wa wani wasansa, Arms and the Man, aka mayar da shi na waƙe-waƙe bai ji daɗi ba.

Abinci a tsakiyar gari tsada, na sayi sanwic da ruwa a wani kanti na zauna a dandalin Trafalgar na ci, da dare matar Yaya ta yi mana tuwon semo da miyar kukar da na kawo.

Washegari na shiga zagayen da ake yi da baƙi a Theatre Royal Drury Lane, kuma nan ne abin ya fi kama ni. Tun 1663 akwai gidan wasa a wannan fili, ginin yanzu shi ne na huɗu, na 1812, Andrew Lloyd Webber ne mai shi kuma a lokacin bai daɗe da kashe masa fam miliyan 60 na gyara ba. Wasan yara na Frozen ake yi a ciki lokacin da na je, yara ko'ina da rigunan gimbiya. A wannan dandamalin My Fair Lady ya sauka Landan ranar 30 ga Afrilu 1958, aka yi shi sau 2,281, shekara biyar da rabi ana abu ɗaya kusan kullum kujeru na cika. Amma a Amurka aka haife shi. Bayan mutuwar Shaw manyan marubuta waƙa irin su Rodgers da Hammerstein sun gwada suka ajiye suka ce ba zai yiwu ba, don labari ne na surutu da gardama, ba wanda ya ce wa wani ina sonki. Alan Jay Lerner da Frederick Loewe ma sun ajiye sau ɗaya kafin su dawo su gama. Rex Harrison da aka ɗauka a Higgins ba mawaƙi ba ne, sai aka tsara masa waƙoƙin yadda zai riƙa maganarsu a kan kiɗa, kuma daren gwajin farko a New Haven a watan Fabrairu 1956 tsoron makaɗa ya kama shi ya kulle kansa a ɗaki ya ce ba zai fito ba, sai da aka yi da gaske. Julie Andrews da aka ɗauka a Eliza shekararta 20, ta kasa kama ta a wajen atisaye, darakta Moss Hart ya sallami kowa ya zauna da ita su biyu na kwana biyu yana bin ta layi layi. Aka buɗe a New York ranar 15 ga Maris 1956, aka yi sau 2,717, a lokacin ba wasan waƙa da ya taɓa kai haka a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta New York. Gidan da aka yi shi, Mark Hellinger, yanzu coci ne. Kuma Lerner ƙarshen fim ɗin 1938 ya ɗauka, Eliza ta dawo, Higgins ya kishingiɗa a kujera ya tambaye ta ina silifas ɗinsa, labule ya sauka. Ya ma rubuta cewa Shaw ya yafe masa amma shi bai tabbata Shaw ne mai gaskiya ba.

Abinda ya ba ni haushi tun da daɗewa shi ne da aka zo fim na 1964 aka ajiye Julie Andrews wai ba a san ta ba, aka ɗauki Audrey Hepburn sannan aka ɗora muryar Marni Nixon a kan yawancin waƙoƙinta. Sai kuma Julie ta ci lambar yabo ta Oscar da fim ɗin Mary Poppins da ya fito a shekarar. Wasan dai bai tsaya ba, Jamusawa sun yi nasu a Berlin a 1961 da karin harshen talakawan birnin, aka dawo da shi Landan a 1979, aka sake a 2001 ya koma Drury Lane ɗin nan. Ina tsaye a falon ina kallon hotuna da sunayen wasannin da aka yi a gidan, na tuna Drama Village ɗinmu na ABU, ginin ƙasa mai kyau da ba shi da na biyu, da irin wasannin da muka yi a ciki waɗanda yau ko hoton wasu ba za ka samu ba. Muna da Jatau Na Kyallu, muna da Uwar Gulma, yara na haddace su don jarabawa amma yaushe rabon da a ce ga rana ga wuri a zo a kalla? Abin ya tsaya min a rai sosai.

Ranar kallo ni da matar Yaya muka je, wasan rana, Yaya ya zauna da yara. Tikitinmu na can sama ne fam 45 kowacce, na ƙasa kusa da dandamali sun ninka haka. Coliseum na kan St Martin's Lane, an buɗe shi a 1904, kujeru sama da dubu biyu da ɗari uku, yana da wani ƙwallon duniya a saman hasumiyarsa. Muka hau bene har numfashina ya ɗauke. Da makaɗa suka fara daga ramin da ke gaban dandamali tsigar jikina ta tashi, kaset bai taɓa ba ni wannan ba. Gidan Higgins gaba ɗayansa juyawa yake yi a kan dandamali, Eliza na ratsa ɗaki zuwa ɗaki tana waƙa gidan na juyawa da ita. Amara Okereke ita ce baƙar fata ta farko da ta riƙe wannan matsayi a babban dandamalin Landan, kuma muryarta ta cika gidan nan har inda muke, ba ta yi Eliza abin tausayi ba, ta yi ta mai zuciya mai wayo wadda ta san abinda ta zo nema. Ubanta a wasan, Stephen K. Amos, shi ma iyayensa 'yan Najeriya ne. Harry Hadden-Paton ne Higgins. Wata tsohuwa Baturiya da ke gefena ta ce min a hutun rabin lokaci mahaifiyarta ce ta kawo ta Drury Lane tana ƙarama ta ga na farkon, yau kuma ita ta kawo jikarta, ga yarinyar nan zaune tana shan askirim.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne bayan liyafa, an ci caca, maza biyu na ta yabon junansu, ba wanda ya dubi Eliza ya ce sannu, ita da ta yi wata shida tana wahala. Ta ɗauki silifas ɗinsa ta jefe shi da su, ta tambaye shi yanzu ya za a yi da ni, ka raba ni da talla, ban kuma zama 'yar gidanku ba. Na san mata da yawa da aka yi wa haka, an kai ta makaranta ko an aure ta an wayar da ita, sannan kullum ana yi mata gori ni na mayar da ke mutum. Sai ƙarshe ya zo. Darakta Bartlett Sher, wanda ya fara wannan tsari a New York a 2018, bai canza kalma ko ɗaya a wannan ƙarshen ba, Eliza ta dawo, Higgins ya yi tambayar silifas ɗinsa, ta matso ta dube shi ta taɓa fuskarsa, sannan ta juya ta fice ta bar shi tsaye. Na tashi ina tafi hawaye na zuba.

A bas muka fara gardama da matar Yaya har gida. Ita ta ce an ɓata wasan, ta ce Anti mutumin nan fa yana sonta bai iya faɗa ba ne kawai, ba ki ji waƙarsa ta ƙarshe ba yadda ya ce ya saba da fuskarta, ai maza da yawa haka suke, da ta yi haƙuri zai gyaru. Na ce sabo daban ne, ya saba da kujerarsa ma, ita kuma ba ta roƙi ya so ta ba, cewa ta yi a ɗan nuna mata kirki a san mutum ce, Pickering tun ranar farko yake girmama ta kuma ta faɗa da bakinta cewa daga nan ta fara ganin darajar kanta. Yaya na jin mu daga kicin ya ce shi dai tausayin Freddy yake ji, ba aiki ba sana'a sai tsayuwa a ƙofar gida yana waƙa, da me zai riƙe ta. Muka kai dare a kan wannan, ba wanda ya sauka daga ra'ayinsa, ni har yanzu ina bayan Shaw.

Na so in je gidan Shaw da ke ƙauyen Ayot St Lawrence in ga 'yar bukkar da yake rubutu a ciki wadda ake juya ta tana bin rana, amma ranar da muka sa, 27 ga Yuli, ma'aikatan jirgin ƙasa suka shiga yajin aiki, sai muka tafi Peckham a bas muka sayi tsire da doya muka dawo. Komowa ta Alƙahira ce kamar zuwa, muka sauka Kano ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙanina ya zo da mota muka kwana a Kano muka wuce Zariya da safe. Ɗan littafin wasan da na saya fam goma na kai wa tsohon malamina da ya koya mana Pygmalion, ya sa tabarau yana ta duba hotunan, ya tambaye ni ta dawo ko ba ta dawo ba, na ce ta tafi Malam, ya ce madalla. Mun yi magana da shi da wasu abokan aiki biyu, ko an janye yajin aiki ko ba a janye ba za mu tara ɗaliban da ke cikin gari mu fara karatun Jatau Na Kyallu ranar Asabar, ɗaya daga cikinsu ya ce zai nemo mana wurin atisaye a Samaru.